Inji da Mai Inji: Tunanin Wani Tsohon Injiniyan Jirgin Ruwa



Ran da aka kawo mini takardar gayyata har gida a Minanata, sai da na tambayi ɗan aiken ko dai kuskuren suna aka yi. Dalili kuwa, ni ban taɓa koyarwa a aji ba, ban kuma rubuta littafi ba. Ƙuruciyata duka a ɗakin injin jirgin ruwa na ƙare ta, can ƙasan jirgi, inda ƙara ba ta barin mutum ya ji maganar ɗan'uwansa sai da nuni. Har wa yau ga shi garin nan namu tsakaninsa da teku tafiyar kusan kilomita 1,000 ce a mota. Ni kaina ban taɓa ganin ruwan da ya fi gulbin Rima ba sai da na sauka Ikko a farkon shekarun 1970, na tsaya a bakin teku ina neman ɗaya gacin, ban gan shi ba. To, me mutumin teku zai faɗa wa Sakkwatawa? Amsar da zan yi ƙoƙarin bayarwa gwargwadon hali ita ce, injin da ke tura jirgi a tsakiyar teku, da injin ban-ruwa na fadamar Kwalkwalawa, da janareton da ke bayan ofishinku, duk uwa ɗaya ta haife su, kuma ciwon da ke kashe su ɗaya ne.

Kafin in shiga wannan, bari in tuna muku cewa dangantakar Sakkwato da jiragen ruwa ta girmi kowa a ɗakin nan. A shekarar 1824 wani Bature mai suna Clapperton, wanda hafsan sojan ruwa ne na Ingila, ya iso wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Babban abin da ke ransa shi ne ya san inda kogin Kwara ke ƙarewa, kuma taswirar da ya samu a fadar Sarkin Musulmi an buga ta a cikin labarin tafiyarsa. Ya sake dawowa, ya rasu a nan a 1827. Baransa Richard Lander shi ne ya koma da ƙanensa a 1830, suka bi kogin cikin kwalekwale daga Busa har suka faɗa teku. Shekara 2 bayan haka, watau a 1832, wani ɗan kasuwa mai suna Macgregor Laird ya taso daga Libaful da jirage 2 masu injin tururi don ya hau Kwara da su. Sunan ɗaya Quorra, watau Kwara. Ɗayan kuwa, wanda aka ƙera da ƙarfe a zamanin da jirage na katako ne, sunansa Alburkah, kuma kalmar nan tamu ce ta albarka. Tafiyar dai ba ta yi albarka ba, domin cikin Turawa 48 da suka taso 9 kaɗai suka tsira, zazzaɓi ya cinye sauran. Sai a 1854 jirgin Pleiad ya hau Binuwai ya dawo ba a rasa kowa ba, saboda an riƙa shan kwini.

Daga nan fa jiragen tururi suka zama su ne manyan motocin ƙasar nan. Jirage ne marasa zurfin gindi, masu babbar ƙafa a baya mai dukan ruwa, itace suke ci, shi ya sa ake tara musu shi a tashoshi bakin kogi. Da damina, in ruwa ya kawo, sukan kai Yola har Garwa, su sauko da gyaɗa da auduga zuwa Burutu da Wari. Ƙarafan hanyar jirgin ƙasa ta Baro zuwa Kano, wadda ta isa Kano a 1911, a ruwa aka hau da su har Baro. Reshen da ya nufo mu ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙaraso ba har yau, amma wannan maganar wata rana ce.

Yadda inji ke aiki

Ina roƙon ɗaliban fasahar ƙere-ƙere su yi mini haƙuri, zan faɗi abin da suka riga suka sani, domin sauran jama'a su bi mu. Kowane inji mai ƙona mai, abu ɗaya yake yi: yana mai da zafi motsi. A injin tururi, wuta tana waje, tana dafa ruwa cikin tukunya, tururin ya tura fistan, fistan ya juya ƙarfen da ake kira karanshaf. Duk wadda ta ga murfin tukunya yana rawa a kan murhu ta ga asalin abin. Newcomen ya ƙera irinsa a Ingila a 1712 don kwashe ruwa daga ramukan kwal, James Watt ya gyara shi a 1769. Aibinsa shi ne almubazzaranci. Cikin kashi 100 na zafin da ke cikin itace ko kwal, da ƙyar 10 zuwa 15 ke zama aiki, saura ya bi hayaƙi da ruwan sanyaya inji.

Wani Bajamushe, Rudolf Diesel, ya ga cewa ya fi kyau a shigar da wutar cikin silinda kanta. Dabararsa kuwa kowa ya taɓa ta da hannunsa. In ka yi ta buga famfon keke, za ka ji gindinsa ya yi zafi, domin iska in an matse ta zafi take yi. To, injin Diesel yakan zuƙi iska zalla, ya matse ta har ta koma wajen kashi 1 cikin 15 na girmanta, zafinta ya wuce digiri 500. A daidai wannan lokaci sai nozul ta fesa mai kamar hazo, man ya kama da kansa ba tare da fulogi ba, ya tura fistan ƙasa. Injinsa na 1897 ya mai da kashi 26 cikin 100 na zafin mai zuwa aiki, abin da ba a taɓa gani ba. A 1912 aka ƙera Selandia a ƙasar Danmak, babban jirgin teku na farko mai irin wannan inji, mutane suka riƙa mamakin jirgin da ba shi da bututun hayaƙi irin wanda suka saba gani.

Injin babban jirgi yakan kai tsawon bene mai hawa 3 ko 4, mutum yakan shiga cikin silindarsa ya tsaya. Ba ya gaggawa, juyi 100 ko abin da ya yi kusa da haka yake yi a minti, alhali injin mota yakan yi 3,000. Mansa baƙi ne mai kauri kamar kwalta, sai an dafa shi ya wuce digiri 100, an kuma tace shi, kafin ya yarda ya bi nozul. Amma duk da haka yana mai da kusan rabin zafin mai zuwa aiki. Mafi girma a irinsu, wanda aka sa wa jirgin Emma Maersk a 2006, silinda 14 gare shi, faɗin kowace santimita 96, ƙarfinsa kilowat 80,000 da 'yan kai. Don ku kwatanta, ƙarfin da aka girka a madatsar Kainji duka megawat 760 ne, watau injin jirgin nan guda ya haura kashi 1 cikin 10 na Kainji.

To, daga wannan bayani za ku ga abin da inji ke bukata bai wuce huɗu ba: iska mai tsabta, mai mai tsabta, baƙin mai da zai hana ƙarfe cin ƙarfe, da ruwa ko iskar da za ta kwashe zafin da ya rage. A shekarun da na yi ina buɗe injuna, da wuya na ga wanda tsufa ya kashe. Kusan kullum in aka bi sawu, sai a tarar an hana shi ɗaya daga cikin huɗun nan ne.

Littafin ɗakin inji

A jirgi, aiki gadi-gadi ne: awa 4 kana ƙasa, awa 8 kana hutu, dare da rana. Kowane mai gadi kuwa ba ya miƙa aiki sai ya zagaya ya rubuta a babban littafi zafin hayaƙin kowace silinda, da ƙarfin bugun baƙin mai, da zafin ruwan sanyaya inji, da yawan man da aka sha. Da ina sabon shiga na ɗauki wannan rubutu wahalar banza, domin lambobin jiya su ne na yau. Babban injiniyanmu na lokacin, wani dattijo mai ƙarancin magana, kullum da safe sai ya zauna ya karanta littafin nan kamar mai karanta wasiƙar gida.

Wata tafiya muna dawowa daga Turai, mun wuce tsibiran Kanari da kwana ɗaya, sai ya kira ni ya nuna mini layin silinda ta 4. Zafin hayaƙinta ya ƙaru da 'yan digirori kaɗan a kowace rana har kwana 5 a jere. Ni na rubuta yawancin lambobin da hannuna, amma ban gani ba, domin ina duban na yau kaɗai, shi kuwa yana duban na mako. Ya ɗauki dogon sukundireba, ya ɗora bakinsa a jikin silindar, ya kafa kunne a ƙotar, ya yi shiru. Sa'an nan ya hau ya gaya wa kyaftin lalle a tsai da jirgi tun teku tana kwance. Muka zare fistan mai nauyin fiye da tan guda da ƙugiya, jirgi yana lilo, zafi kamar gidan burodi, muka tarar zobba 2 sun karye, bawul ɗin hayaƙi kuma ya fara ƙonewa. Muka canza su da waɗanda ke ajiye a sito, muka tashi inji bayan awa 14. Da an bar shi kwana 3 gaba, gutsattsarin zoben nan da sun kankare cikin silinda, da kuwa sai dai a jawo mu da igiya, in ma iska ta bar mu.

Abin da nake so ku lura da shi a labarin nan shi ne, gwanintar dattijon ba ita kaɗai ta cece mu ba. Akwai littafi da ake rubutawa da gaskiya, akwai mai karanta shi, akwai kayan gyara a sito tun kafin a bukace su, akwai kuma kyaftin da ya yarda ya yi asarar rabin yini a kan maganar injiniya. In aka cire ɗaya, sauran ukun ba su da amfani. Teku ce ta tilasta mana wannan tarbiyya, domin a can ba bakin hanya, ba garejin da za a tura abu.

Ƙasarmu ta taɓa mallakar jiragen teku nata na kanta. An kafa Kamfanin Jiragen Ruwa na Ƙasa, wanda aka fi sani da NNSL, a 1959, kuma cikin jiragensa na farko akwai Dan Fodio, da El Kanemi, da King Jaja, da Oduduwa. Ni a wani kamfani dabam na yi aiki, amma ba na manta daɗin da nakan ji in na hangi sunan Shehu a goshin jirgi a tashar wata ƙasa. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai suka yi yawa, an sayo masa sababbin jirage 19 daga Koriya ta Kudu da Yugoslabiya. A 1995 aka rushe kamfanin, bashi ya yi masa katutu, an sha tsare jiragensa a tashoshin waje, duniya kuma ta koma ɗaukar kaya a kwantena ta bar shi a baya. Tsakanin sayen sababbin jirage da rufe kamfani ko shekara 20 ba a yi ba. Waɗanda suka ga 1975 kuma sun tuna yadda ɗaruruwan jirage maƙare da siminti suka yi watanni a bakin Ikko suna jiran wurin sauke kaya, ana biyansu kuɗin jira, simintin yana daskarewa. Saye bai taɓa gagarar mu ba.

Mu dawo gida

Bayan na yi ritaya, wani ofishi da ba zan ambata ba ya roƙe ni in duba musu babban janareto wanda bai cika shekara 3 ba amma ya ƙi ɗaukar kaya, sai baƙin hayaƙi. An riga an rubuta takardar neman sabo. Na ce a kawo mini littafinsa, aka ce wane littafi? Na ce yaushe aka canza baƙin mai, aka ce sai a tambayi wanda aka yi wa canjin wurin aiki bara. Na buɗe matatar iska, na tarar ta toshe da ƙurar hunturu kamar an yaɓa mata laka, lagireto kuma an jingina shi da bango, iskar zafin da ya fitar ita yake sake zuƙa. Injin nan lafiyarsa lau, shaƙe shi aka yi. Kuɗin abin da muka canza bai kai na taya ɗaya ta motar shugaban ofishin ba.

Ba na ɗora laifin a kan yaron da ke tayar da inji. Laifin yana cikin yadda muke tsara kasafi. Sayen sabon abu yana da babi, yana da kwangila, yana da bikin buɗewa da hoto a jarida. Matatar iska ba ta da ko ɗaya. Masu ƙera injunan nan kuma yawanci don ƙasashe masu sanyi da ƙarancin ƙura suka rubuta ƙa'idojinsu, saboda haka in littafin ya ce a share matata bayan awa kaza, a Sakkwato tsakanin Disamba da Fabrairu sai a rage wannan lokaci ƙwarai. Ku ma'aikata da ke rubuta takardun kwangila, ina ba ku shawara kada ku karɓi inji sai da kayan gyaransa na shekara 2, da littafinsa, da horon mutum 2 aƙalla, kuma a rubuta kuɗin kula da shi na kowace shekara a takarda ɗaya da kuɗin sayensa, domin mai sa hannu ya ga nauyin duka.

Mu gangara fadama. Kakanninmu da jigo suke ban-ruwa: doguwar sanda a kan gwafa, guga a wannan kai, dunƙulen laka a wancan, nauyi ya taimaki hannu. Ilmin ma'auni ne tsantsa, ko da ba su kira shi haka ba. Daga shekarun 1980 ƙananan injuna masu shan fetur da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi suka maye gurbinsa, noman rani ya bunƙasa, albasa da tumatir da shinkafa suka yawaita. Amma sau da yawa manomi yakan kawo mini ƙara cewa injinsa ya raunana da bazara, har ya sayi wanda ya fi shi ƙarfi, bai ga canji ba. Dalili kuwa, famfo ba ya jan ruwa da ƙarfinsa. Abin da yake yi shi ne ya fitar da iskar da ke cikin tiyo, sa'an nan nauyin iskar duniya da ke danne fuskar ruwa ya turo ruwan sama. Nauyin nan kuwa iyakarsa ya ɗaga ruwa mita 10 da ɗan kai, abin da Torricelli ya bayyana a Italiya tun 1643, a aikace kuma mita 7 ko 8 ne. In ruwa ya ja ƙasa ya wuce haka, ko injin jirgin da na ambata ka kawo ba zai zuƙo shi ba. Magani shi ne a haƙa rami a saukar da injin kusa da ruwa, ko a sa famfon da ake nutsarwa, mai turowa daga ƙasa. In kuwa ka ji famfo yana ƙara kamar yana tauna tsakuwa, ruwan ne ke tafasa a bakin farfela saboda ƙarancin matsi, kumfan yana fashewa yana cin ƙarfe. Farfelar jirgin teku ma haka take ciwo.

Akwai wata magana da ba zan iya wucewa ba, ita ce ta jiragen da ke nutsewa da mutanenmu. A watan Mayu na 2021 wani jirgi da ya ɗauko mutum fiye da 150 ya nutse a Kwara kusa da Warra a Jihar Kebbi, kaɗan aka ceto. A watan Afrilu na 2022 mutum 29 suka rasu a ƙaramar hukumar Shagari, yawancinsu yara da matasa. Ajali gaskiya ne, amma lodi ma gaskiya ne. Jirgi yana iyo ne domin ruwan da ya ture nauyinsa daidai yake da nauyin jirgin, kamar yadda Archimedes ya gano fiye da shekara 2,200 da suka wuce. Kowane buhu da aka ƙara, jirgi ya ƙara nutsewa, tazarar da ke tsakanin bakinsa da ruwa ta ragu, ita ce kuwa ran jirgin. In aka ɗora babura da mutane a saman kaya, nauyi ya hau sama, jirgi ya rasa ikon komowa daidai in ya karkata. Ruwan da ya taru a cikinsa shi ya fi muni, domin duk inda jirgi ya karkata can yake gudu ya ƙara danne shi. Ingila ta sha irin wannan asara har wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll, ya matsa aka yi doka a 1876 cewa kowane jirgi a zana masa layi a jiki, in ruwa ya rufe layin ba ya tashi. Har yau kowane jirgin teku da wannan alama yake yawo, kuma akwai layi dabam na ruwan kogi, saboda ruwan daɗi bai kai na gishiri ɗaukar nauyi ba. Gwangwanin fenti ɗaya ya isa a yi wa jiragen mashiga guda layi. Abin da ya fi fenti wuya shi ne samun mutumin da zai tsaya ran kasuwa ya ce wa fasinja na ƙarshe ya jira sawu na gaba, Sarkin Ruwa da hukuma kuma su goya masa baya.

Na zamani da na da

Tsofaffi irina sun cika yabon da. Ni ba zan yaudare ku ba: injin yau ya fi na zamaninmu. Ya fi ƙarancin shan mai, ya fi tsabtar hayaƙi, ya fi daɗewa kafin a buɗe shi. Da yawa cikin abokan aikina sun tsufa da kurumta, waɗansu da guntayen yatsu. Yanzu kwamfuta ce ke auna lokacin fesa mai, na'urori suna lura da zafi da matsi dare da rana, har akan kulle ɗakin inji da dare injiniya ya kwanta, ƙararrawa ta tashe shi in wani abu ya faru. Daga 2020 dokar duniya ta rage ƙibiritun da ke cikin man jirage daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin 100, mazauna bakin tashoshi suka sami sauƙin numfashi. Wanda ya ce a koma baya bai shaƙi abin da muka shaƙa ba.

Amma akwai abin da ke damuna. A watan Maris na 2024 jirgin Dali, mai tsawon kusan mita 300, wutarsa ta ɗauke yana fita daga tashar Baltimo a Amurka, ya rasa inji da linzami, ya daki gada ta rushe, ma'aikata 6 suka mutu. Da masu bincike suka bi diddigi, sai suka tarar waya ɗaya ce siririya ba ta zauna daidai a mazauninta ba. Injin da, in zai lalace yakan yi gargaɗi, ya yi ƙara, ya yi zafi, ya yi wari. Na yau yakan yi shiru ne kawai, cutar kuma tana cikin akwatin da aka rufe, wani lokaci ma kamfanin da ya ƙera shi kaɗai ke da mabuɗin karanta shi. Abin ya dami Turawa kansu, har Tarayyar Turai ta yi doka a 2024 don tilasta wa masu ƙera waɗansu kayayyaki su bari a gyara su.

Mu abin ya fi shafa, domin arzikinmu a wannan fage hannun masu gyara ne. Ku je Maƙera Assada ku ga abin da ake fitarwa daga tsohon sifirin mota da zugazugi da masaba. Ku dubi makanikan da suka riƙe Fijo 404 da 504 da injin niƙa na Lister shekara da shekaru da sufana da kunne. Waɗannan mutane injiniyoyi ne da ba su sami allo ba. Motar yau kuwa tana da 'yar kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake soka na'ura ta faɗi ciwonta, abin da aka wajabta a Amurka tun 1996. Na'urar ba ta da tsada, amma da Turanci da lambobi take magana. Makanikin da ba ya karanta ta sai ya koma canza kaya ɗaya bayan ɗaya da kuɗin mai mota, ɗalibin da ke karanta ta kuma bai san inda abin da ta ambata yake a jikin mota ba. Kowannensu rabin injiniya ne, kuma tsakanin Jami'ar nan da garejin da ya fi kusa ba tafiyar awa guda ba ce.

Haka nan batun hasken rana. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, manoma da masu gidaje da yawa suka koma farantan sola, kuma na yi murna, domin rana ita ce abin da Allah ya hore mana ba awo. Jami'ar nan ma tana da cibiyar binciken makamashi tun 1982. Sai dai masu sayarwa sukan ce abin ba ya bukatar kulawa, wannan kuwa ba gaskiya ba ne. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a zafin digiri 25, kuma kowane digiri da ya ƙaru yana rage wajen kashi 0.4 cikin 100. A watan Afrilu, lokacin da iskar garin nan ke wuce digiri 40, farantin da ke kan kwano yakan kai 65, watau mai wat 300 ya koma wajen 250 tun ƙura ba ta ci rabonta ba. Saboda haka a ɗaga shi daga kwano iska ta ratsa ƙarƙashinsa, a wanke shi da sassafe kafin ya yi zafi. Batir mai ruwa kuma, ƙarin digiri 10 a ɗakin da yake yana iya raba kwanansa biyu, don haka wanda ya ajiye shi a ɗakin kwano marar taga kada ya zargi ɗan kasuwa. Fitilun titi nawa kuka gani a tsaye a mace, farantansu lafiya lau, batir kaɗai ya ƙare ba wanda aka ɗora wa alhakin canza shi?

Shugaba, na ga kana duban agogo. Abu ɗaya ya rage. A zauren gidana a Minanata akwai wani tsohon injin Lister mai silinda ɗaya, wanda na saya a hannun wani mai niƙa da ya yi niyyar sayar da shi a kilo. Na wanke shi, na yi masa zobba, yana tashi da hannu ɗaya. Duk ɗalibin da ke so, mace ko namiji, ya zo ran Asabar bayan la'asar da tsofaffin tufafi da littafin rubutu. Za mu kwance shi har ƙasa, mu auna kowane ƙarfe mu rubuta, mu mayar, kuma ba mai tafiya sai ya tashi. Wanda ya iya na'urar karanta ciwon mota ya taho da ita, domin ni ma ina da motar da ta shekara tana kunna mini wata 'yar fitila ban san abin da take nufi ba.